Ƙarin jini: nawa ake kashewa, ina ya fi sauƙi?

Baban Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure. An sa wa maiɗakina ranar tiyatar haihuwa, likita ya ce mu tanadi jini leda biyu. Nawa ake kashewa yanzu? A nan Zariya, asibitin Shika ya fi sauƙi ko na Gambo Sawaba?

Hajiya Babba: Allah ya raba lafiya, ɗana.

Sista: Amin. Ba jinin kake saya ba fa. Kuɗin leda ne, da gwajin ƙanjamau, ciwon hanta B da C, da tunjere, sai gwajin da ake yi a ga ko jinin ya dace da nata. Ko ƙaninka ne ya bayar sai ka biya waɗannan. Inda take awo, can za ka tambaya a ɗakin ajiyar jini, don kuɗin ba ya zama wuri ɗaya.

Kawu na Samaru: Baban Ilham, tunda an ba ka rana, wallahi ka gode wa Allah. Ni cikin dare abin ya same ni. 'Yata ta haihu a wani asibitin kuɗi, jini ya ɓalle, aka ce a kawo leda uku yanzu-yanzu. Na kira yaran gida, ɗaya aka ce jininsa bai kai ba, ɗayan ya ga allura ya ce zai je fitsari, har yau bai dawo daga fitsarin ba. Ina tsaye a bakin ƙofa wani ya matso, wai yana da masu bayarwa. Muka yi ciniki kamar a Kasuwar Sabon Gari, na biya. Aka ɗebi na mutumin, gwaji ya nuna ciwon hanta, aka zubar. Kuɗin leda ya tafi, na gwaji ya tafi, shi kuma dillalin ya kashe waya. Sai da asuba wasu ɗalibai daga masallacin unguwa suka zo suka bayar fisabilillahi. Ka tara mutanenka tun yanzu, huɗu ko biyar, don ba duka za su tsallake gwaji ba. Kuma ka tambaya tun kafin ka biya: in ba a yi amfani da jinin ba, me za a mayar maka? Ka riƙe rasit.

Ɗan Kwangila: Kawu, wannan mai fitsarin ba Sagiru ba ne? 😂

Sagiru: Ni ina Kano ranar. A daina ɓata min suna.

Barista: Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana karɓar kuɗi a kan jinin da mutum ya bayar. Dillalan nan laifi suke yi.

Kawu na Samaru: Barista, ƙarfe biyun dare wa ke tuna doka?

Maman Walida: To shi mijin ya ba ta nasa mana, a huta.

Sista: A'a Maman Walida. Ba a so miji ya ba matar da ke haihuwa, jikinta na iya ƙin jinin jaririn cikin gaba. Ya dai bayar a ajiye a madadin wanda za a sa mata. Baban Ilham, mene ne rukunin jininta? In negetib ne ka fara nema yau, yana wuya, kuma akwai allurar da ake mata cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn fozitib ne.

Hajiya Babba: Ku ba ta zogale da alayyahu da hanta, da yardar Allah ba za a kai ga ƙarin ba.

Sista: Ta ci, Hajiya, amma ganye ba ya mayar da jinin da ya zuba a ɗakin tiyata.

Ɗan Kwangila: Ni O ne. Akwai maltina da madara?

Sista: Ka kai kilo 50 kuwa? Kuma in ka bayar cikin wata uku da suka wuce ka zauna gida.

Ɗan Kwangila: Sista, cin fuska ne wannan.

Baban Ilham: B fozitib ce, na duba katin awo. Amma har yanzu ba wanda ya faɗa min nawa.

Sagiru: Ni B ne. Wace rana ce? Amma kada Kawu ya zo.