Wa ya fara cin amana, Amurka ko Rasha?

Malamin Tarihi: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai a ce Rasha ce ta rusa yarjejeniyar taƙaita makaman nukiliya, don Putin ya jingine New START, wato yarjejeniyar da ke tsakanin Rasha da Amurka, a 2023. To wa ya fice daga yarjejeniyar 1972 ta makaman kariya a 2002? Bush. Wadda Reagan da Gorbachev suka sa wa hannu a 1987 fa? Trump ya yi watsi da ita a 2019. Amurka ce ta fara cin amana.

Ɗan Zariya: Malam, wace amana kuma? Mutum biyu kowa da wuƙa a wuyan ɗan'uwansa, ai tsoro ne ya zaunar da su. Shi ya sa a New START suka amince kowa ya tsaya a kan makaman nukiliya 1,550 da aka girke, har a da suna zuwa duba rumbunan juna. Wanda ka yarda da shi ba ka bincika masa ɗaki.

Hajiya Babba: A'a ɗana, alkawari amana ne ko tsakanin maƙiya. Yukiren ta miƙa makamanta, aka yi mata alkawari a Budapest a 1994 ba za a taɓa iyakarta ba. Wa ya shiga mata gida?

Mai Shayi: Hajiya, Gaddafi fa? Ya ajiye shirinsa na nukiliya a 2003, a 2011 aka kashe shi. Wannan ba ki gani ba?

Hajiya Babba: Ba ni na kawo zancen Libiya ba.

Mai Shayi: Dama ku masu sauraron rediyon Turawa haka kuke.

Ɗan Zariya: Kai, girmama ta mana, sa'ar mahaifiyarka ce. Ka janye.

Ɗan Agadas: Kuna ta Amurka da Rasha, kun manta Faransa ta tayar da bam ɗinta a Reggane cikin Sahara a 1960, har Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961. Yuraniyom ɗin Arlit kuma wa ya amfana da shi? Amanarmu aka ci!

Malamin Tarihi: Don Allah a dawo kan 2002.

Mai Shayi: Ba zan janye ba, ban zage ta ba.

Shugaban Zaure: Na rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda Turawan Yamma ne ba sa riƙe alkawari, hujjar Libiya ma ta isa. Hajiya, ki yi haƙuri da yaron nan.