Tayar tsohuwar mota na sacewa a hankali, ba ƙusa: wa ya taɓa gani?

Mai Marsandi, Makka: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Marsandin marigayi mahaifina ce a hannuna, W123 ƙirar 1982, da rim ɗinta na ƙarfe na asali. Tayar baya ta dama ce ta hana ni sakat. In na sa mata iska 30 a geji ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ta sauko 23 ko 24, sauran ukun kuwa suna nan daram. Na kai banshar, wato wurin masu facin taya, sun tsoma ta a ruwa, suka ce lafiyarta ƙalau. Wanda ya taɓa fama da irin wannan, don Allah a ina ya samo tasa?

Tsohon direba, Madina: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Da wane lokaci kake aunawa? Zamanin da nake jigila tsakanin Makka da Madina na sha ganin yara su sa iska da azahar, taya ta ɗau zafin kwalta, gari ya waye su auna su ce ta sace. Iska tana hawa da sauka kusan lamba ɗaya a geji duk digiri 5 ko 6. Ko lafiyayyar taya ma tana rage ɗaya ko biyu a wata. Ka auna da asuba kafin motar ta motsa, da geji ɗaya kullum. Amma shida a mako, a taya guda, wannan kam akwai ƙofa.

Mai Cressida, Jidda: Gaskiyar Baba. Tawa ta yi min haka, kuma laifin ba na taya ba ne, na rim ne. Tsomawar banshar ta gaggawa ce, su juya ta sau ɗaya su ciro, ga layi na jira. Irin wannan yoyon ba ya tashi ɓul-ɓul. Na kwance tayar na kwantar da ita a ƙasa, bayanta yana kallon sama, na zuba ruwan sabulun wanke-wanke a inda roba ta haɗu da ƙarfe, na zauna na sha shayi. Da na dawo sai ga farar kumfa ƙanana ta taru a wuri ɗaya kamar ƙwan kifi, faɗinta bai kai yatsu uku ba. Da aka cire tayar, leɓen rim ɗin duk tsatsa, tana ɓarewa da farce. Raɓar Jidda da gishirin teku ba sa raga wa ƙarfe, kuma gefen ciki ne ya fi ci, inda ido ba ya kaiwa. Aka goge da burushin waya da sanfefa har ƙarfe ya fito, aka yi fenti ya bushe, aka shafa baƙin gam ɗin leɓe. Tun daga nan shiru. Ka duba ƙarƙashin dalmar da ake maƙalawa a bakin rim ma, nan tsatsa ke fara ɓuya.

Hajiya, Riyad: Ni tun 2018 da aka bai wa mata izinin tuƙi nake jan tsohuwar Caprice ta maigida. Tamu bawul ne. A tsaye ba ya yoyo, sai an lanƙwasa shi gefe da yatsa sannan kumfa ta fito a gindinsa, robar ta tsage. Abin da ya jawo kuwa murfin adon taya ne, yana ɗan zagayawa a kan rim in ana tafiya har bakin ramin ya danne bawul ɗin. Taka ma ai tana da irin murfin nan. Ka ga ko bawul yana tsakiyar raminsa ko ya jingina.

Ɗan Mai Wurno, Jidda: Ku kuna da haƙuri. Mu a Sudan in rim ya tsufa tiyub ake zura masa a wuce wurin.

Mai banshar, Makka: Yallaɓai ɗan Mai Wurno, a babbar mota mai rim ɗin tiyub, na yarda. A wannan ban ba da shawara ba. Cikin tayar tubles, wato marar tiyub, yana da gurzo-gurzo, yana cin tiyub a hankali, ga zafin hanyar Jidda da rana tsaka. Kuma ran da tiyub ya huje iskar gaba ɗaya take tafiya, ba ta yi maka sallama. Mai Marsandi, duba rubutun da aka buga a jikin rim ɗinka. In ka ga H2 a ƙarshe, an ƙera shi da tudu biyu masu riƙe leɓen taya, na tubles ne tun asali.

Maganar tsomawa kuwa, ba na kare kowa, amma ku riƙa cewa a hankali take sacewa. In an faɗa min haka ina ƙara mata iska kaɗan, in bar ta cikin ruwa har ruwan ya kwanta, in duba fuska biyu, da gindin bawul, da allurar cikinsa, da layin walda inda tsakiyar rim ya haɗu da kewayensa. Na taɓa samun yoyo a jikin ƙarfen kansa, tsaga siririya da ba a ganinta sai an jiƙa. Wannan ba na gyarawa, sai dai mutum ya nemi wani rim a tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci.

Abu ɗaya da ba wanda ya tambaya: shekarar tayar nawa? Irin motocin nan ba sa yawo, sai ka ga zanen taya sabo fil alhali robar ta mutu. A jikin taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In lamba uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta, kada ka sake hawa titi da ita. Wadda ta kai shekara 10 ma masu ƙerawa cewa suke a sauke, kuma a zafinmu ba kowace ke kaiwa can ba.

Mai Marsandi, Makka: Allah ya saka da alheri. Na bi yadda yayana na Jidda ya ce, kumfa ta fito a leɓen ciki, wuri biyu. Bawul lafiya lau, Hajiya, yana tsakiya. Lambar tayar 3819 ce.

Mai banshar, Makka: To, mako na 38 na 2019 ke nan, ta fara manyanta. Tunda za a cire ta a goge rim, a sauya bawul ɗin duk da haka, kuɗinsa ba shi da yawa. Ka zo da sassafe don fentin ya samu ya bushe kafin a mayar, ka haɗo da safaya ma mu ga nata leɓen.