Neman kakan da ya tafi Gwanja ko Gabas zamanin Turawa: wanda ya taɓa yi, ya zo mu haɗa abin da muka sani

Jikan Bafatake, Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kakan mahaifina Ba'agale ne, fataucin goro ya gada. Ya bi ayari zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, bayan Turawa sun ci Kano a 1903, kuma bai sake dawowa ba. Abin da ya rage mana nasa wasiƙa ce guda ta ajami da ya aiko ta hannun wani madugu, yana gaida uwarsa, yana cewa ya yi aure a can. Ba kwanan wata a jikinta. Mahaifina ya tsufa, kullum maganarsa ita ce ko mutumin nan ya bar baya, kuma a ina aka binne shi. Duk wanda ya taɓa irin wannan nema, don Allah ya gaya mana ta ina ya faro, kuma ko takardun gwamnati sun yi masa rana.

Hajiya 'Yar Zango, Kumasi:

Wa alaikumus salam ɗana. Mu daga nan muka nemo namu, har muka dangana da wani ƙauye a ƙasar Katsina, to bari in ba ka abin da na gani.

Koma ka sake karanta wasiƙar nan a tsanake, ko ka kai wa malamin da ya iya tsohon rubutu, ka duba ko ya ambaci gidan da ya sauka. A zango baƙo ba ya zama haka kawai. Kowane bafatake yana da maigidansa, wanda ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, sau da yawa ma shi ke yi masa waliccin aure. Gidajen nan har yau suna nan da sunan masu su na farko, kuma tsofaffin matan gidan sun fi kowa riƙe wanda ya sauka da wanda ya auri wa. Ni wata gwaggo ce a irin wannan gida ta lissafo mini matan kakanmu da 'ya'yan kowacce, abin da ban samu a ko wace takarda ba. Bayan nan sai fadar Sarkin Zango da limaman unguwa.

Sannan kada kalmar Gwanja ta tsare ka a Salaga, tsohuwar babbar kasuwar goro ta ƙasar. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi, Yeji, Kintampo, Atebubu, daga baya Kumasi ta janye yawancinsu. Wanda ya taso bayan 1903, da wuya a ce Salaga ya zauna.

Abu na ƙarshe mai zafi ne. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Gidaje da yawa na zango sun watse a lokacin, an sayar da kaya a wulaƙance, akwatunan takardu sun salwanta. Rabin danginmu a lokacin suka koma Najeriya, wasu Agege suka tsaya. Saboda haka jikokin da kake nema a Gana, mai yiwuwa suna kusa da kai fiye da yadda kake zato.

Jikan Bafatake:

Allah ya saka da alheri Hajiya. Akwai sunan wani mutum a ƙarshen wasiƙar da muka ɗauka na maɗaukinta ne. Zan kai a duba.

Tsohon Hedimasta, Zariya:

Ni ta takarda na bi, don tsofaffinmu sun riga sun ƙare kafin in farga da muhimmancin abin. Na yi ta zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Wanda zai je ya san abin da zai tarar. Babu rajistar haihuwa ko ta mutuwa ta talakawan karkara a wancan zamani, kuma ƙidayar 1921 da ta 1931 adadi suka bari, ba sunaye ba. An jera fayil-fayil ne lardi-lardi, na Kano su ne KANOPROF, na Sakkwato SOKPROF, na Zazzau ZARPROF, sai na ofishin sakataren Arewa, SNP. Mafi amfani gare ni su ne rahotannin da Di'o-Di'o ke rubutawa idan sun fita rangadin tsara haraji: sunan ƙauye, dagacinsa, asalin mutanensa, sana'arsu, wani lokaci har da bayanin cewa mazan wuri kaza suna tafiya fatauci da rani. Ban ga sunan kakana ba, amma na tabbatar da ƙauyen da ya fito, wanda yanzu kufai ne, na kuma san garin da mutanensa suka koma. Daga nan na samu dangi.

Inda sunan talaka ke fitowa sosai shi ne littafin alƙali, musamman rabon gado, domin muhuti sai ya rubuta magada ɗaya bayan ɗaya, har wanda ba ya gari. Idan uban bafataken nan naku ya rasu bayan tafiyarsa, Malam, nemi wannan. Ka leƙa Arewa House ma idan ka je Kaduna.

Jikar Soja, Akara:

Baba Hedimasta ya yi gaskiya, talaka ba ya shiga takardar Bature sai ta haraji, kotu ko soja. Namu ta soja ya shiga. A gida ana cewa kakan mahaifiyata ya yi yaƙin Jamus, kuma akwai lambobin yabonsa biyu a cikin adakar kakata. Wani ƙanena ne ya lura da rubutu a gefen ƙarfen, zagaye da shi: lambarsa ta soja, sunansa, da rundunar Gold Coast, wato Gana ta yau. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya haka Ingila ta buga su da suna. Na yaƙin Bama kuwa yawanci ba suna a jikinsu, sai dai a nemi takardar sallama.

Lambarsa ta sojan nan ita ce ta buɗe mana hanya, domin sunan kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Akawun soja yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa gari ko ƙabila, shi ya sa za ka ga Musa Kano ko Garba Sokoto bila adadin, rubutun kuma yadda kunnensa ya ji, Audu ya koma Awudu, Ibrahim ya koma Braima. Tun daga dakarun da wani jami'in Ingila, Glover, ya tara a Legas a 1863, duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe ake ce masa a bariki, ko da Bazabarme ne ko Bagurunshe. Da lambar muka samu katinsa a kundin lambobin yabo na gidan tarihin Ingila da ke Kew, ana bincikawa ta intanet. Wanda nasa bai dawo daga yaƙi ba, ya duba shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, kyauta ne. Sunayen 'yan Afirka ta Yamma da suka kwanta a Bama suna rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Na yi kuka ranar da na ga lambar da ke katin kakan namu ta dace da wadda ke hannunmu.

Fatake kuwa, ɗan'uwa, gwada PRAAD, gidan takardun Gana, akwai reshe a Kumasi da Tamale ban da na Akara. Rigimar bashin goro da ta fili takan kai sunan mutum gaban kotu.

Ɗan Maiurno, Sudan:

Salamu alaikum dangi. Namu tafiyar Gabas ce. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, bayan an kashe shi a Burmi a watan Yuli 1903 suka ci gaba da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar. Wasu kuma daga baya suka zo da niyyar hajji ta Fort Lamy (N'Djamena a yau), Abeche, Junaina, Fashir da Ubayyid, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sennar a 1925, aka haihu, aka zauna.

Wahalar da na sha daban ce da taku. Tsofaffinmu sun sani sarai, faɗa ne ba sa so. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna shi ko iyayensa maza suna Sudan tun ƙarshen 1897, mu kuwa bayan nan muka iso. Wanda ya taso cikin wannan fargaba ba zai buɗe baki ya ce ubansa daga Haɗeja ya zo ba. Kawuna sai a ciwonsa na ƙarshe ya kira ni ya faɗi sunan garin da na unguwar, ya nuna mini wani Alƙur'ani rubutun hannu. A bangon ƙarshe mai rubutun ya sa sunansa da na ubansa da na malaminsa. Ku duba littattafan gidajenku, malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa a gefen shafi da shekarar Hijira. Zuwa gidan takardun Khartum ya gagara bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, amma jami'ar Durham a Ingila tana da tarin takardun jami'an Turawan da suka yi aiki a Sudan.

Ɗan Damagaram:

Ni kakana gudun aikin dole da harajin Faransa ya tsallaka da shi ƙasar Kano, sai bayan an soke aikin dole a 1946 ƙannensa suka riƙa kai masa ziyara a fili. Ya sauya suna da ya tsallaka, don haka ban same shi a takarda ba ta kowane ɓangare. Tsagar fuskarsa da ke cikin wani tsohon hoto ita wani wanzami ya kalla ya faɗa mini yankin da ake yin irinta, kuma da na je aka gane gidan. Jikan Bafatake, ka tambayi Baba irin tsagar gidanku da kirarin da ake yi wa zuriyarku, ka tura wa Hajiya tare da sunan nan na ƙarshen wasiƙa, ta karanta wa tsofaffin zango ko wani zai gane.