Taƙaitawa: ɗaukar 'yan wasan kurket a gundumomin Ingila da ɗan kuɗi

1. A tattaunawar da aka yi kan yadda ƙungiyar gunduma mai ɗan kuɗi za ta ɗauki 'yan wasa, kowa ya yarda a fara neman mai jifan ƙwallo da sauri. A Afrilu fili ɗanye ne, ƙwallon Dukes, irin wanda ake wasa da shi a Ingila, na karkacewa, abin da ke taimaka wa mai jifa.

2. Gurbin baƙi, wato 'yan wasan ƙasashen waje, biyu ne kacal. Kafin sa hannu da baƙo, a ga takardar izinin hukumar kurket ta ƙasarsa. Wanda IPL, gasar kurket ta Indiya, ta ɗauka, sai ƙarshen Mayu a gan shi.

3. Daga 1 ga Yuni ake tuntuɓar wanda kwantiraginsa zai ƙare. Mai jiran Oktoba, ragowa zai tarar.

4. Nan aka rabu. Wasu na son aron ɗan wasa na wata guda. Wasu sun ce gara a kashe wa yaran gida kuɗin, don ɗan aro, da wani ya ji rauni a ƙungiyarsa ta asali, za a kira shi ya koma.