Tulun Tallafi: Wa Ke Cika Shi, Ina Yake Yoyo?

Malam Mai Tawada

Sallama 'yan zaure. Batun yau shi ne kuɗin da ƙasashe ke warewa don zaɓe, haƙƙin ma'aikata da yaƙar rashawa a wasu ƙasashen. Mai amsawa ya zo da lissafi, ban da kirari.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
In tambayi masana kuɗin duniya.

A 1983 majalisar Amurka
Ta kafa NED, gidauniyar tallafa wa dimokuraɗiyya, ta ware mata dukiya.

Shugaba Reagan ya share fage tun 1982,
Da jawabinsa a majalisar Birtaniya.

Rassa huɗu ke sha a tulun nan,
NDI da IRI na 'yan jam'iyya.

CIPE ta 'yan kasuwa ce,
Solidarity Center ta 'yan ƙwadago gaba ɗaya.

Dala miliyan 315 a 2024,
Kasafin shekara ne, ba gado ba ne na zuriya.

Majalisar da ta ba ka bana,
Baɗi tana iya cewa ta gaji da ɗawainiya.

Hajiya, littafin a hannunki yake,
Dala nawa ke isa rumfar zaɓe lafiya?

Hajiya Uwar Lissafi

Malam, tulun da ka ambata yana da baki,
Sai an yi shela an ce ga fannin aiki,
Ka tura taƙaitaccen tsari cikin 'yan kwanaki,
In ya yi musu, su ce kawo kasafi a fara tantancewa.

Za su nemi rajista da kundin tsari,
Mutum biyu masu sa hannu a ceki tun fari,
Da rahoton odita, ba dogon labari,
Wanda bai da ukun nan, takardarsa kwandon shara take faɗawa.

Ba a juye maka kuɗin duka a hannu,
Kashi-kashi yake zuwa, sannu sannu,
Wata uku ka kai rahoto, rasitai a jere kamar shanu,
Rasit ɗaya ya ɓata, kashi na gaba ya fasa zuwa.

Babbar ƙungiyar Washinton ke cin kwangila,
Ta yanki kason ofis kafin a buɗe kula,
Ta gida ta karɓi saura da dukan wahala,
Ita ke shiga ƙauye, ita ce kuma ƙarshen rabawa.

A 2021 USAID, hukumar agajin Amurka, ta ɗau alkawali,
Kashi 25 cikin 100 ga 'yan gida, ban da dillali,
Da aka duba 2022 da idon hankali,
Kusan kashi 10 aka samu, saura na ta kewayawa.

Kuɗin wuta da ruwa da albashin akanta,
Ƙaramar ƙungiya kashi 10 aka yarda ta rubuta,
Oktoban 2024 ya koma 15, an ɗan sassauta,
Amma janareta ba ya shan dimokuraɗiyya, sai man da ake sayowa.

Ga kuma tarkon canji, Malam ka lura,
In an ƙulla ƙaramar kwangila da naira,
Dala na wajen 460 farkon 2023 da aka tsara,
A 2024 ta haye 1,500, kasafi na nan, darajarsa na narkewa.

Ɗan Masaƙa

Yaya Hajiya, kin nuna yoyon daidai,
Ni ga wani tulun da ba a cika shi da kyauta.

ILO, hukumar ƙwadago ta duniya, tun 1919 take a raye,
Kujera uku: gwamnati, masu kamfani, ma'aikata.

Ƙasashe 187 ke zuba kuɗin memba,
Kowace da adadin da aka yanka mata.

Amma aikin fili, su horo da zagayen sufeto,
Gudunmawar ganin dama ce, ran da aka so a janye ta.

Ku dubi Bangladash, 24 ga Afrilun 2013,
Rana Plaza mai hawa takwas ta rufta.

Tun jajibiri aka ga bango ya tsage,
Banki da shaguna suka kulle, masu ɗinki aka tilasta.

Mutum 1,134 suka rasu a ƙarƙashi,
Mafi yawansu masu keke ne, mata.

A watan Mayu aka ƙulla yarjejeniyar dole,
Kamfanoni sama da 200 daga baya suka rattaba mata.

Kamfanin da ke sayen riga shi ke biyan sufeto,
Gwargwadon odar da yake kai wa masana'anta.

Injiniya ya duba ginshiƙi da wayar wuta,
Ƙofar gudu da aka garƙame da kwaɗo, a buɗe ta.

Masana'anta sama da 1,600 aka shiga,
Wadda ta ƙi gyara, duka su daina oda da ita.

Kamfanin da ya saɓa, ƙungiyar ƙwadago na da dama
Ta kai shi gaban alƙalan sasanci a hukunta.

Wace majalisa za ta yanke wannan a kasafi?
Kuɗin na cikin cinikin rigar tun ran da aka ɗinka ta.

Baba Mai Shakka

Yara, kun yi lissafi, saura abu ɗaya:
Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

ILO ta buɗe ofis a Doha a 2018,
Katar ke biya, ita ce kuma ake duba wa aiki.

Ban musa ba, an yanka riyal 1,000 mafi ƙarancin albashi,
Da 500 na kwana, da 300 na girki.

Amma mai awo in mai hatsi ke ciyar da shi,
Ku dinga kife mudun kuna duba ciki.

Gwamnatoci kuma sun gano bututun,
Ba sai sun kama kowa ba, sai su toshe shi daga baki.

Habasha a 2009 ta ce wa masu kare haƙƙi,
Kashi 10 kawai daga waje, ya wuce a rufe ɗaki.

Sai 2019 aka soke dokar,
Bayan da yawa sun sallami mutane ko sun sauya aiki.

Rasha a 2012 ta liƙa musu sunan wakilan waje,
Jojiya a 2024, ka wuce kashi 20 ka sha tambari a jiki.

Indiya a 2020 ta hana babba miƙa wa ƙarami,
Kuma kowa ya karɓa a Delhi, reshe ɗaya na banki.

Hajiya, ga dillalin da kike kuka da shi,
Can an cire shi, ta ƙauye ta rasa ko loma a baki.

'Yar Odita

Baba, ladan kuturu na ji, ban ja ba,
Amma akwai kuɗin da namu ne, aka ci amana.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2003 kan yaƙar rashawa,
Babi na 5 ya ce kayan sata ba a ƙasar wani za su kwana.

Da farko a bi sawu banki zuwa banki,
Na biyu a kulle asusu kafin ya sauya suna.

Na uku kotu ta ƙwace, na huɗu a rubuta
Inda za a kashe, da wanda zai auna.

A nan lauya ke cin nasa, shekaru na tafiya,
Abacha ya rasu 1998, a 2020 ana kan magana.

Suwizalan ta saki dala miliyan 321 bisa takardar 2017,
Da sharaɗin Bankin Duniya ya sa ido, ya zauna.

Naira 5,000 a wata ga gidan talaka,
Ƙungiyoyin gida suka bi rajista suna-suna.

A 2020 tsibirin Jersey da Amurka suka sako sama da miliyan 300,
Titin Legas–Ibadan, gadar Neja ta biyu, Abuja–Kano aka nuna.

Har 2024 ta ƙare ba a gama ba,
Sashen da ya tashi Abuja ya nufi Kaduna.

Ƙungiyar Transparency mai auna rashawa ta ba Najeriya maki 26 cikin 100 a 2024,
Ra'ayin masana take tarawa, ba buhun da aka tono a gona.

Masu bin sawun kuɗin nan kuwa da yawansu
Tallafin waje ke biyan su albashi, Baba ka tuna.

Malam Mai Tawada

Ran 20 ga Janairun 2025 Trump ya sa hannu,
Kwana 90 a tsai da tallafin waje gaba ɗaya.

A Maris Rubio, sakataren harkokin waje, ya ce kashi 83 na ayyukan USAID an soke,
1 ga Yuli USAID ta 1961 ta zama labarin baya.

NED ma sai da ta garzaya kotu,
Kan kuɗin da majalisa ta ware tun jiya.

Dokar Amurka ta 1977 mai hana kamfani ba da hanci a waje,
Kwana 180 aka jingine aiki da ita a kan hanya.

Tallafi daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5, aka tsara 0.3 a 2027,
A juya wa soja, haka ta faru a Birtaniya.

Hajiya, takardar tsai da aiki in ta zo,
Me akanta zai fara yi kafin ya zauna ya yi jinya?

Hajiya Uwar Lissafi

Takardar in ta iso da safe,
Rubuta kwanan wata da sa'a a gefe,
Daga nan ƙofar sabon kashe kuɗi a rufe,
Abin da ka ƙulla bayan nan daga aljihunka ne, ba mai mayarwa.

Tara rasitan da aka riga aka biya,
Haya, sallamar ma'aikata, bashin mai mota da na waya,
Tura buƙatarka kafin wa'adi ya juya baya,
Motoci da kwamfutoci a jera su, sai da izini ake sayarwa.

Fayil na masu tona asiri shi ne abin tsoro,
Ofis in ya watse, ba maigadi ba tsaro,
Kada ya kwana a kwamfutar da aka karɓo aro,
A kulle shi da lambar sirri, na takarda a kwashe daga durowa.

Ɗan Masaƙa

Kuɗin ƙungiyar ƙwadago da ake cirewa a albashi,
Bai san 20 ga Janairu ba, yana shigowa duk wata.

Baba Mai Shakka

Ɗana, gwamna in ya riƙe albashi wata shida,
Daga ina za a cire, tunda ba a biya kuɗin aiki?

'Yar Odita, ɗauki alƙalami, amsar na wurinki.