Shin asalin kalmar Turanci shi ne ma'anarta ta gaskiya?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai, ina fatan masu sani za su warware mini ita. Kwanakin baya wani abokina ya yaba wani aiki da na yi, ya kira shi "nice", sai wani da ke zaune tare da mu ya yi dariya ya ce ai zagina aka yi, domin asalin wannan kalma "wawa" take nufi. Na ɗauka ba'a ce kawai, amma da na buɗe ƙamus sai na tarar akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. To, wace ce ma'anar gaskiya, ta farko ko wadda ake amfani da ita yanzu? Kuma idan ta farko ta riga ta mutu, mene ne amfanin saninta ga mai koyo?

Tambaya ta biyu ita ce game da ƙananan kalmomi irin su "get" da "put" da "run". Na san su tun ina ƙaramin ɗalibi, amma har yau da zarar an jingina musu wata 'yar kalma, kamar "put up with" ko "run out of", sai in ga kamar ban taɓa haɗuwa da su ba.

Tsohon Malamin Turanci:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutumin nan ya faɗi gaskiya game da tarihi, amma ya yi kuskure a hukuncin da ya yanke. Kalmar "nice" ta fito ne daga kalmar Latin "nescius", wato wanda bai sani ba, ta ratsa ta Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1300 da ma'anar wawa ko sakarai. Daga nan ta yi ta sauya riga: ta zama mai tsirfa, ta zama mai tsantseni da kula da ƙananan abubuwa, har zuwa ƙarni na 18 lokacin da ta zauna a kan ma'anar abu mai daɗi ko mai kyau. Wanda ya ce maka "nice" a yau yabonka ya yi, domin ma'anar kalma ita ce abin da masu harshen suke nufi da ita kuma suke fahimta a zamanin da ake maganar, ba abin da kakanninsu suka nufa shekaru ɗari bakwai da suka wuce ba.

Idan da za a bi hukuncin mutumin nan, da Turanci ya rikice gaba ɗaya. Kalmar "silly", wadda yanzu take nufin shashasha, a Tsohon Turanci mai albarka take nufi. Ta gangaro daga mai albarka zuwa marar laifi, daga nan zuwa abin tausayi, sannan ta faɗa kan wauta. Ka ga ita da "nice" sun yi saɓani a hanya, ɗaya tana hawa ɗaya tana sauka. "Meat" a da kowane irin abinci ne, ba nama kaɗai ba. "Deer" kowace dabba ce, kafin ta taƙaita ga barewa da danginta. "Girl" yaro ne ko yarinya, babu bambanci. "Starve" mutuwa ce ta kowace hanya, kuma 'yar'uwarta a Jamusanci har gobe mutuwar take nufi. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce "lord", da ake fassarawa da ubangida: asalinta mai tsaron burodi ne, "lady" kuwa mai kwaɓa burodi. Babu Baturen da yake tuna burodi idan ya furta su.

Game da amfanin sanin asali kuwa, a ganina babban amfaninsa shi ne yana nuna maka matsayin kalma, wato inda ta dace da inda ba ta dace ba. Turanci hawa-hawa yake. Ƙashin bayansa harshen ƙabilun da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak a ƙarni na 5 ne, kuma daga nan aka sami kalmomin yau da kullum irin su "house" da "mother" da "eat". Daga ƙarshen ƙarni na 8 mayaƙan teku na Denmak da Norwe suka fara kai hari, daga baya suka zauna a arewaci da gabashin Ingila, suka bar "sky" da "egg" da "take" da "window", wadda asalinta idon iska ce. Cuɗanyar ta yi zurfin da har wakilan suna "they" da "them" da "their" nasu ne, alhali da wuya harshe ya ari irin waɗannan. Sai kuma shekarar 1066, lokacin da Wiliyam na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, shi ya sa "court" da "judge" da "government" da "prison" duk daga can suke. A saman wannan kuma malamai suka yi ta ɗebo kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci.

Sakamakon haka, sau da yawa abu ɗaya yana da kalmomi uku: "ask" ta gida ce, "question" ta Faransanci, "interrogate" ta Latin. Dukkansu tambaya ce, amma ta farko ita ake yi wa aboki, ta ƙarshe kuwa 'yan sanda ne suke yi wa wanda ake tuhuma. Haka "rise" da "mount" da "ascend". Wanda ya san daga inda kowace ta fito zai ji nauyinta tun kafin ya ɗora ta a takarda.

Malama Mai Fassara:

Malam ya gama da tambaya ta farko, Allah ya ƙara basira. Ni zan taɓa ta biyu, domin ita ce nake fama da ita kullum a wajen aiki.

Ɗan'uwa, ka dubi kalmarmu ta "ci". Ana cin abinci, ana cin jarrabawa, ana cin amana, ana cin bashi, ana cin mutunci, ana cin zaɓe, ana ci gaba, wuta ma tana ci. Da baƙo zai riƙe cewa "ci" tauna da haɗiya ce kawai, da ya sha wahala, kuma ka lura ita ma wahalar shan ta ake yi. To, haka "get" da "put" da "run" da "take" suke a wurin Turawa. Kalmomin da aka fi amfani da su su ne suka fi tara ma'anoni, har ma masu babban ƙamus na Oxford sun lissafa wa aikatau "run" ma'anoni sama da 600. Mutum yana "run" idan yana gudu, inji idan yana aiki, hanci idan yana yoyo, ɗan takara idan ya tsaya zaɓe, shugaba kuma idan yana tafiyar da ma'aikata.

Kuskuren da na ga ɗalibai suna yi shi ne rarraba irin wannan magana gida-gida, su fassara "put", su fassara "up", su fassara "with", sannan su yi mamakin yadda ajiyewa da sama da tare suka haɗu suka zama haƙuri da abu. Ba a yi musu haka; ana haddace su ne dunƙule kamar kalma guda, tare da jimlar da aka tsince su a ciki. "Give up" daina abu ne ko fid da rai da shi, "give in" kuwa miƙa wuya ne bayan an matsa wa mutum. "Look after" kula ne, "look for" nema, "look down on" raini. Duk da haka ba a rasa ɗan tsari ba: "up" sau da yawa tana nuna an kai abu ƙarshe, kamar a "use up" da "eat up", "out" kuma tana yawan nuna ƙarewa ko ɓacewa, shi ya sa "run out of" take nufin abu ya ƙare wa mutum.

Wannan ya koma kan maganar Malam, domin kusan kowace irin wannan tana da takwara doguwa daga Latin ko Faransanci: "put up with" da "tolerate", "put off" da "postpone", "find out" da "discover". Mu da muka koyi harshen a aji mun fi sakin jiki da dogayen, muna ganin su ne cikakken Turanci, alhali a bakin masu harshen gajerun ne na hira, dogayen kuma na wasiƙar ofis.

Abokin Ƙamus:

Ina neman izinin malamai in ƙara gargaɗi ɗaya. Fagen asalin kalmomi cike yake da labaran ƙanzon kurege, kuma mafi daɗin ji su ne suka fi yaɗuwa. Za ka ji an ce "news" an haɗa ta ne daga haruffan farko na sunayen arewa da gabas da yamma da kudu. Ba haka ba ne. Jam'in "new" ce kawai, wato sababbin abubuwa. Ƙirar kalma daga haruffan farko al'ada ce da ta bunƙasa a ƙarni na 20, irin su "radar" da "laser", don haka duk tsohuwar kalmar da aka ba ka irin wannan bayani a kanta, ka yi taka-tsantsan. Haka kuma "salary" tana da dangantaka da kalmar gishiri a Latin, amma labarin cewa da gishiri ake biyan sojojin Rum ƙari ne da marubutan baya suka yi.

Akwai kuma waɗanda labarinsu ya tabbata. "Boycott" sunan mutum ne, Kyaftin Charles Boycott, wakilin wani mai gonaki a Ailan, wanda manoma da ma'aikata suka ƙaurace masa a 1880 saboda rikicin kuɗin haya. "OK" ta fara bayyana a wata jaridar birnin Boston na Amurka a 1839, a matsayin raha ta taƙaita "all correct" da gurɓataccen rubutu, sai yaƙin neman zaɓen 1840 na Martin Van Buren, shugaban Amurka na lokacin, ya yaɗa ta. "Deadline" kuwa, wadda yanzu wa'adin gama aiki ce, layi ne a sansanonin fursunoni lokacin yaƙin basasar Amurka, wanda duk fursunan da ya ƙetare shi ana iya harbe shi.

Abin da zai ba mai jin Hausa sha'awa shi ne wasu kalmomin mun haɗa kaka da su ta Larabci. "Sugar" da sukari tushensu ɗaya, "zero" da sifiri haka, "alcohol" kuma daga sunan kwalli ta fito, ta riƙe "al" ɗinta kamar yadda alƙali da alƙalami suka riƙe nasu. Turawa ma sun yi irin wannan ruɗani da iyakar kalma a cikin harshensu: "a napron" ce ta koma "an apron", "an ekename" kuma ta koma "a nickname".

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, malamai, na ƙaru. Saura ɗaya: ina jin ana cewa "awfully good" ko "terribly kind". Yaya kalmar muni take ƙarfafa yabo, kuma ya halatta in rubuta haka?

Tsohon Malamin Turanci:

Ai kai ma kana yi, ɗan'uwa, duk ranar da ka ce abu yana da mugun kyau ko bala'in tsada. Kalmomin tsoro da firgici suna da ƙarfi, shi ya sa masu magana suke aron ƙarfin, su yar da tsoron. "Awful" a da abin da ke cika zuciya da kwarjini ne, "terrific" kuma abin firgitarwa, ga shi yanzu yabo ce zalla. Ita kanta "very" daga kalmar Faransanci mai nufin gaskiya ta fito, yawan amfani ya suɗe ta har ta zama "ƙwarai" kawai, kuma hanyar da "literally" take bi ke nan a yau, duk da ƙorafin masu gyaran harshe. A hira da wasiƙar zumunci ka faɗi "awfully good" babu laifi, sai dai ta fi zama a bakin mutanen Ingila, kuma tana da ɗan ƙamshin tsufa. A takardar jarrabawa ko rahoton aiki kuwa ka bar ta, kamar yadda ba za ka rubuta wa shugabanka cewa shirin ya yi mugun kyau ba.