Alamar gicciye, yaushe kuka fara gane abin da hannunku yake yi?

Maman 'Yan Biyu, Sabon Tasha:
Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu. Dan Allah ku taimaka min, daren jiya mun zauna za mu ci tuwo na yi alamar gicciye kamar kullum sai autata mai shekara 6 ta ce wai Mama me ya sa sai goshi da ƙirji da kafaɗa muke taɓawa, ai ciki ya kamata mu taɓa tunda can abincin zai tafi. Kowa ya kwashe da dariya amma ni fa na rasa ta cewa, shekarata 38 ina yin abin nan safe da dare, iyakar abin da na iya ce mata shi ne haka aka koya mana. Ba wa'azi nake nema ba, kowa ya ba ni abin da ya faru da shi, ranar da abin ya shiga zuciyarsa.

Baba Katikis mai ritaya, Malumfashi:
'Yata kada ki ji kunya, yarinyar nan ta yi tambayar manya. Ni a wurin mahaifiyata na gane, Allah ya ba ta hutawa. Bamagujiya ce, sai da ta haifi 'ya'ya huɗu kafin ta karɓi baftisma, ko harafi ɗaya ba ta sani ba, addu'o'in da muke haddacewa a aji duk sun gagare ta. Amma in ta tashi da asuba kafin ta taɓa turmi za ta tsaya ta ɗaga hannu a hankali, cikin sunan Uba ta tsaya a goshi, da na Ɗa ta sauko ƙirji, da na Ruhu Mai Tsarki ta kai kafaɗa hagu da dama, ba ta taɓa yin sa da gaggawa ba. Wata rana ina ɗan makaranta ina taƙama da boko na tambaye ta ko ta san ma'anarsa, ta ce kai ɗan nan, in an yi wa saniya shaida ai kowa ya san mai ita. Shekara 31 na yi ina koyarwa ban samu bayanin da ya fi wannan ba. Kalmomin kuwa ba wani ne ya ƙirƙiro ba, Matiyu 28:19 ne, da su aka yi miki baftisma, kullum kika faɗa kina tuna ranar nan ce. Ki gaya wa jikata hannu yana sauka daga goshi zuwa ƙirji kamar yadda Ɗa ya sauko daga wurin Uba ya zama mutum, siffar da hannun ya zana kuma ita ce itacen da ya mutu a kai.

Direban Sharon:
Ni gaskiya a da laya na mai da shi ba zan ɓoye ba. Lokacin da hanyar Birnin Gwari ta yi zafi in na kunna mota sai na yi sau uku, in na manta na yi sau biyu duk tafiyar gabana na faɗuwa, har komawa gefen titi nake yi in kashe mota in sake. Na ba wani Fada labari ina jin zai yaba min sai ya ce to da kai da mai ɗaura guru a ƙugu meye bambanci? Abin ya min ciwo ranar. Ya ce shi kansa Yesu gicciyen bai hana shi shan wahala ba, in ka zana shi a jikinka cewa kake yi ko na dawo ko ban dawo ba ni naka ne. Yanzu sau ɗaya nake yi, tsoro bai tafi duka ba amma na daina lissafi.

Amaryar Katolika:
Hhh ni 'yar ECWA ce gaba da baya, babana dattijon ikilisiya ne, a gidanmu ba a yi sam, ana cewa babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce a yi kuma gaskiya ne babu ayar da ta umarta. Da na yi aure shekara biyu ina bin maigida Mas, wato sujadar Katolika, hannuna a ƙirji kamar an ɗaure, surukata na kallona ta gefen ido ba ta taɓa cewa komai ba Allah ya saka mata. Ranar baftismar ɗanmu na fari ne Fada ya zana ƙaramin gicciye a goshin jaririn da babban yatsa sannan ya ce iyaye su ma su yi, na sa yatsana a goshin nan mai laushi sai hawaye, na ji kamar ina miƙa shi ne ga wanda ya fi ni iya riƙonsa. Har yau ba kullum nake yi wa kaina ba amma yaran kam ba mai fita makaranta ban zana masa a goshi ba. Babana ya gani sau ɗaya ya kau da kai kawai.

Ɗan Numan:
Yaya Amarya ki gaya wa babanki ba na Katolika kaɗai ba ne. Martin Luther da kansa a ƙaramin katekisim ɗinsa na 1529 ya ce mutum ya yi alamar gicciye in ya tashi da safe da kuma in zai kwanta. Ni ɗan Lutheran ne sai da na girma na karanta da idona na yi mamaki, don a gidanmu ba mai yi.

Tsohon ɗan seminari:
Abin ma ya girmi duk rabe-raben nan. Tertullian mutumin Kartaj, ƙasar Tunisiya ta yanzu, wajen shekara ta 200 ya rubuta cewa Kiristocin zamaninsa suna zana shi a goshi in za su shiga ko fita, in za su sa kaya, in za su ci abinci, har in za su kunna fitila. Ƙarami ne a goshi da yatsa, babban nan na kafaɗa zuwa kafaɗa daga baya ya zo. Wanda ya fi taɓa ni shi ne ƙananan guda ukun nan da muke zanawa a Mas kafin karatun Bishara, goshi, leɓe, ƙirji. Na bar seminari, makarantar horar da Fada, da ɓacin rai, bakina ba abin da bai faɗa ba a kan wasu mutane, wata Lahadi yatsana ya kai kan leɓena sai na ji nauyi, wannan bakin ne nake roƙo maganar Allah ta zauna a kai? Sati ya zagayo na je na nemi gafarar mutum biyu.

Dokta, Jos:
Na yi karatu a Kharkiv, ƙasar Ukraine. Zuwana na farko cocin Otodoks na yi irin namu sai wata tsohuwa ta kama hannuna ba ko sallama, ta haɗa min yatsu uku, babba da manuni da na tsakiya, sauran biyun ta lanƙwashe su cikin tafi, ta kai hannun kafaɗar dama tukuna sannan hagu. Daga baya aka min bayani, ukun nan Triniti ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya, biyun kuma Almasihu ne Allah kuma mutum. A 2022 da yaƙi ya tashi muna cikin jirgin ƙasa zuwa Lviv an kashe fitilu duka an cushe kamar buhunan masara, ƙara ta tashi daga nesa, cikin ɗan hasken waya na ga hannaye suna tashi, su dama ni hagu, ba mai gyara wa wani a daren nan.

Ɗan Sabon Gari, Kano:
Nawa abin kunya ne. In zan ci abinci a ofis sai in yi shi sauri-sauri kamar mai korar ƙuda, wani lokaci in wayance da sosa goshi. Abokin aikina Musulmi, mutumin kirki, ya lura ya ce malam ni kullum a gabanka nake shimfiɗa darduma ban taɓa jin nauyinka ba, kai me kake ɓoyewa? In za ka yi ka yi da kyau mana. Tun ranar na gyara.

Maman Zumunta:
Ɗana Allah ya haɗa ka da na kirki, amma kada mu ɗora wa kowa laifi. Akwai inda na zauna lokacin rikici da ko sarƙar wuyana sai da na cire, a cikin mayafi nake zana shi a tafin hannu da yatsa. Wanda ake yi dominsa ya gani.

Nas mai aikin dare:
Akwai wani baba da muka yi jinya, shanyewar ɓarin jiki, baki ya tafi hannun dama ya mutu. Da Fada ya zo shafa masa mai a goshi da tafin hannu sai muka ga yana ta kokawa da hannun hagu, na zaci ciwo ne na matso zan gyara masa ruwan da ake ƙara masa, matarsa ta ce bar shi 'yata, ta riƙe gwiwar hannun ta taya shi. Ya kai goshi, ya kai ƙirji, kafaɗa ɗaya kawai ya iya kaiwa, ita ta ƙarasa masa ɗayar. Kwana biyu bayan nan ya rasu.

Maman 'Yan Biyu, Sabon Tasha:
Kai jama'a na gode, wasu sai da na ajiye waya na share ido. Baba Katikis na ba ta labarin saniyar Kaka yau da yamma, ta yi shiru can ta ce to ita ma a yi wa 'yar tsanarta shaida kar a sace. Yanzu haka tana tsakar gida ta kama hannun 'yar tsanar tana kai shi goshi, da hagu ma take yi, na ce yayyenta kada wanda ya tanka mata.